Na Ukun da Na Ƙaga da Bakina

Salamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Sunana Rashida, haifaffiyar Madarumfa ce ni, can bakin tabki, kudu da Maraɗi. Abin da zan ba ku yau ban taɓa zaunar da wani na ba shi daga farko har ƙarshe ba, don duk sanda na ɗauko shi sai kunya ta shaƙe ni. Wadda za ta zage ni ta zage ni, na cancanta. Amma ta bari sai ta ji yadda aka yi.

A kakar 1996 ina da shekara ashirin da biyu. Na faɗi jarabawar fita kolej har sau biyu, na naɗe kayena, wato littafin rubutuna, na dawo gida na zauna. Ƙanwata Zainabu kuwa tuni an kawo gaisuwarta, amma Baba ya kafe, ya ce ba zai aurar da ƙanwa ya bar yaya tana shara a tsakar gida ba. Ku ƙiyasta irin hararar da nake sha wurin Zainabu in mun haɗu a bakin randa. Inna ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari, sai dai ta ce, "Ke waccan, kin tsare wa mutane hanya." Da safe ta faɗa, da rana ta faɗa, har ina kan sallaya ina jin ta tana faɗa wa kaji.

Abu ɗaya ne ya rage mini na daraja a unguwarmu: ni ce mai karanta littafi.

Lokacin ne littattafan soyayya na Kano suke kwararowa ƙasarmu. 'Yan sirara ne, takardarsu irin ta ƙunshin ƙosai, a bango an zana budurwa mai hanci har baka. Gwaggo Ɗelu, ƙanwar Baba, ita ke shigo mana da su. Duk Lahadi tana zuwa kasuwar Jibiya sarin atamfa, sai ta cusa ɗaya ko biyu a tsakanin turame. Ita kanta ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, matan unguwar ma haka. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, kuwa Faransanci aka ɗura mana, amma ni na nace har bakina ya saba da Hausar takarda. Bayan azahar sai mata su taru ƙarƙashin dogonyaron gidanmu, kowa da faifan gyaɗarta, wadda mu muke kira gujiya, suna ɓara ina karatu. Ina canza murya, in yi ta Alhaji, in yi ta budurwa, in yi ta tsohuwa mai faɗa. A wannan awa biyun ba wanda ke tuna cewa na tsare wa kowa hanya.

Na kuka ba su taɓa burge ni ba. Marainiya, ciwon zuciya, kowa na aman jini saboda so. Haba! Mu da muke da namu kukan a gida? Ni na dariya nake so, sababbin nan da suka fito a shekarun, waɗanda budurwa za ta watsa wa saurayi ruwan wanke-wanke a shafi na uku, washegari ta je neman aiki ta tarar shi ne mai ofishin. Na san ƙaryarsu sarai. Ba mai zuwa rijiya a cikinsu, ba mai surfe, kowa da motarsa, karin kumallo kullum soyayyen dankali da ƙwai. Wani marubucin sai ya kashe uban yarinya a na ɗaya, ya manta, ya dawo da shi a na biyu yana cin tuwo. Wani shafin a kife ake buga shi. A ƙarshe kuma a cika shafi biyu da gaishe-gaishen ƙawaye da 'yan ajinsu. Duk da haka in na kama ɗaya ba na ajiyewa sai na ga bayansa, domin a cikinsu ne kaɗai na ga mace ta faɗi abin da ke bakinta, namiji ya yi dariya maimakon ya ɗaure fuska. Duk tsiyar da ta shuka masa sai ya shafa ƙeya ya ce ta burge shi, gobe ya dawo da turare. Na haɗiye wannan karatun ɗungurungum, na ɗauka haka maza suke.

To, ana nan sai Allah ya kawo Ɗanjuma.

Ɗan gidan masunta ne tun kakanni. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, in zai yi dariya sai ya kare baki da hannu. Shi ba ya shiga jirgi. Banda yake yi a bakin tabki, ya kyafe tarwaɗa da karfasa ya kai kasuwar Maraɗi, kowa kuma ya san ciwon ƙirji ne ya hana shi ruwa. Ranar da ya fara zuwa wurina da la'asar ya sa shadda ruwan toka mai sabon guga, ya sha turare, amma ya sako mini kyafaffen kifi a aljihun gaba, a naɗe a takardar siminti. Kyanwoyin unguwa uku suka rako shi har zaurenmu. Yana gaishe ni, ɗaya tana hawa cinyarsa, shi kuma yana ture ta a hankali yana ba ta haƙuri. Na ciji gefen mayafina har ya jiƙe don kada in fashe.

Waya babu a lokacin, ku 'yan yanzu. Yayarsa Hajara, wadda ke aure a bayan layinmu, ita ke kawo mini ƙunshin kifi duk bayan kwana biyu, a cikin takardar kuma yakan yi 'yan layuka da ajami. Ɗaya na nan a kaina har yau:

"Rashida, ina gaisuwa. Ta tsakiyar taki ce, kada ki ba kowa. Jiya na ga hadari ya taso wajen gidanku, na ce ko kin kwashe shanya."

Shi ke nan wasiƙar. Ba tauraruwa, ba zuma, ba hasken idaniya irin na littafi. A baki ina raina su, ina cewa Zainabu ta zo ta ji saƙon ɗan banda, amma duk ina ninke su ina ɓoyewa a ƙasan akwatina, har atamfofina suka ɗauki ƙaurin hayaƙi. Ina son shi. Ban faɗa wa kowa ba, ko shi ban faɗa masa ba, amma ina son shi so mai tsanani. Da aka tsayar cewa manyansa za su zo neman aure ranar wata Juma'a bayan an gama roron wake, na shiga bayan ɗaki na yi rawa ni kaɗai.

Saura mako biyu ya zo da la'asar, ya zauna a bakin tabarma ya daɗe yana murza hularsa.

"Akwai abin da nike so ki sani tun ba a zo ba," ya ce. "Kada ki shiga gidana da ƙarya a tsakaninmu."

Na ce a raina, shi ke nan, yana da mata a Gabi.

"Ba ciwon ƙirji gare ni ba, Rashida. Tsoro ne."

Ya ba ni labari kansa a ƙasa. Yana shekara goma sha biyu suka shiga tabki da yayansa Adamu. Iska ta taso, taru ya naɗe ƙafar Adamu ya ja shi, shi kuma yana tsaye a jirgi da gorar tuƙi a hannu, yana kiran Yaya, Yaya, har ruwan ya kwanta. Tun daga ranar in ruwa ya kai masa gwiwa sai ƙafafunsa su ɗauki rawa, amai ya taso masa. Mahaifinsu ne ya ƙago zancen ƙirjin don a rufa masa asiri a cikin masunta.

"Daga Baba sai Yaya Hajara suka sani. Sai ke yau."

Na ce, "Wallahi ba mai ji a bakina."

Na rantse, 'yan uwa. Da bakin nan nawa na rantse.

Yanzu ku ji inda shaiɗan ya shigo. Akwai wani littafi da ya haukata matan unguwarmu, ba ma kiran sunansa, sai dai mu ce na Jamila da Al'amin. Na biyunsa ya ƙare ne Al'amin ya ɓuya a cikin kabad ɗin kayan mahaifin Jamila, ga tsohon ya shigo da makulli a hannu. Nan marubuciyar ta tsaya, Allah ya saka mana. Mako biyar muna jiran na uku. Duk Lahadi Gwaggo ta dawo hannu rabbana, mata su yi ta tsaki.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan maganarmu da Ɗanjuma sai ga Gwaggo, da ta kwana a Jibiya, ta faɗo gida tana guɗa, ɗankwalinta ya zame, tana ɗaga wani littafi mai koren bango.

"Na samo shi! Na ukkun ne! Sai da na tsaya kan mai shagon awa zan cinye shi kahin shi hiddo mini. Ku kira mata!"

Kafin a jima tsakar gidanmu ya cika. Sun kai ashirin, har da Yaya Hajara da goyonta. Aka ba ni kujerar tsakiya, na gyara ɗaurin zanena, na buɗe.

Na biyu ne. Na biyun nan dai da muka karanta sau uku, an sake buga shi da sabon bango. Mai shagon ya ga tsohuwa ba ta karatu, ya gaji da nacinta, ya miƙa mata abin da ke kusa.

Na ɗaga kai. Ido arba'in a kaina, hannuwa sun tsaya cak a kan faifai. Gwaggo ta harɗe ƙafa tana taunar goro, tana kallon kowa ɗaya-ɗaya don a san wa ya yi aikin. In na ce an cuce ta a gaban matan nan, ba za ta yafe mini ba har kabari. Amma kada in yi muku ƙarya, ba don Gwaggo kaɗai ba ne. Na ji tsoron su kwashe faifansu su tafi, in koma ke waccan.

"Ke, mi kike jira? Karanta muna!" in ji Gwaggo.

Na kafa ido a kan takardar, na buɗe baki, na fara ƙagawa.

Ranar farko lafiya lau. Na sa Al'amin ya yi atishawa a cikin kabad, tsohon ya ɗauka aljani ne ya fita da gudu ba hula, aka kira mai ruƙiyya ya zo yana tofa wa kabad addu'a. Ina yi ina juya shafi a kan lokaci kamar gaske. Mata suka yi dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ta ce wannan ya fi na ɗaya da na biyu, ita dama ta san abin da ta zaɓo. Na kwanta ranar kaina ya yi girma.

Ranar Talata tunanina ya ƙafe. Na san dai kowane littafi irin wannan yana da wani sakarai da ke zuwa neman budurwar don a samu abin dariya. Na duba cikin kaina ban ga kowa ba sai wanda ya cika shi. Sai na kawo wa Jamila wani masunci, dogo, mai shadda ruwan toka, da kifi a aljihu da kyanwoyi a bayansa, yana ba kyanwa haƙuri. Gidan ya kaure. Yaya Hajara ta yi dariya har goyonta ya farka, tana share hawaye tana cewa, "Wallahi awa ƙanena! Ashe ko'ina akwai irinsu!" Na ji daɗi. Na ce a raina ai ko Ɗanjuma ya ji dariya zai yi, ya shafa ƙeya, ba haka suke yi ba?

Ranar Laraba tun kafin in zauna suka fara.

"Ina masuncin? A maido muna masuncin!"

"Mu ba ruwanmu da Al'amin yau, mai kihin muke so!"

Na yi 'yan kame-kame, na sa ya faɗi daga keke, dariyar ba ta tashi sosai ba. Wata ta yi hamma. Wata ta fara tattara ɓawonta. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da hammar nan ta yi mini ba. Na ji kamar ana zare mini zane a kasuwa. Sai kawai na ji bakina yana tafiya shi kaɗai. Na ce Jamila ta ce ba za ta aure shi ba sai ya tsallaka da ita kogi a jirgi. Na ce ya naɗe wando ya shiga, ruwa na kai masa gwiwa ƙafafunsa suka ɗauki rawa. Na miƙe tsaye ina gwada musu rawar. Na ce ya yi amai a kan takalmin Jamila. Na ce masunci ɗan masunci, ashe tsoron ruwa yake, ya bi gari yana cewa wai ciwon ƙirji gare shi. Na maƙe murya na yi kukansa, ina cewa Yaya, Yaya!

Gwaggo ta kifar da faifanta don dariya. Wata ta faɗi a kan tabarma tana bugun ƙasa. Ana cikin haka sai wata daga baya ta ce, "Ciwon ƙirji? Kai, jama'a..." Ta waiga. Ɗaya bayan ɗaya duk suka waiga.

Yaya Hajara ba ta dariya. Ta kafe ni da ido. Ta miƙe, ta gyara goyonta, ta fita ta bar gujiyarta a wurin.

A lokacin ne na ji abin da na faɗa.

Madarumfa ba ta da girman da magana za ta kwana a hanya. Ranar Alhamis zancen ya kai rijiya, ranar Juma'a ya kai bakin tabki. Zainabu ce ta kawo mini, tana huci, ta ce samarin masunta in sun ga Ɗanjuma a wurin bandarsa sai su naɗe wando su yi ta karkaɗa gwiwa suna kiran Yaya. Ƙunshin kifi bai zo ba. Asabar ma bai zo ba. Na yago takarda daga tsohon kayena na lakwal na rubuta masa da ajamina mai kama da tafiyar kaza, na yaga, na sake, na yaga. Me zan ce? Kuma wa zai kai?

Ranar Lahadi na sa mayafi na tafi gidan Yaya Hajara. Na tarar tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ɗago ba.

"Yaya, don Allah..."

"Ni ban iya boko ba, Rashida, amma ba wawuya ce ni ba. Mutanen Kano ina suka san ciwon ƙirjin ƙanena?"

Nan ne ya kamata in faɗi a ƙafarta in ce na tuba. Amma tsoro ya riga ya kama ni, sai na ƙara wata a kan ta farko.

"A littahin yake, Yaya. Wallahi dacewa ce kawai."

Ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Ni na wanke wa Adamu kayan da aka hiddo shi da su. Ni na kwana riƙe da yaron nan wata ukku yana zabura. Shekara goma sha huɗu muna ruhe wannan abu, ke kin buɗe shi a yini guda don mata su washe baki. Baba ya ce ƙahwarshi ba ta taka gidanku. Tashi ki ba ni wuri."

Na dawo gida ban san ta inda na bi ba. Na shiga ɗaki na zazzage buhun littattafaina a ƙasa, na bi su ɗaya-ɗaya kamar mahaukaciya, ina neman inda wata ta yi irin abin da na yi aka yafe mata, in ga me ta ce. Na ga wadda ta zuba wa saurayi barkono a shayi. Na ga wadda ta sace masa takalmi a bakin masallaci. Duk ya yi dariya, duk ya dawo. Amma ba ɗaya daga cikin samarin nan da ke da yaya a ƙarƙashin ruwa. Ba wanda ya taɓa ba budurwa amanar abin da ke hana shi barci. Masu rubutun sun san iyakar wasa, suna tsayawa kafin a kai inda ke ciwo, ni ce ban lura ba. Shekara biyu ina karatu, ashe ban fahimci ko shafi ɗaya ba.

Na yi tunanin ƙona koren littafin in ce ya faɗa murhu. Na yi tunanin rubuta shafukan da hannuna in ɗinke su a ciki, sai na tuna ko makaho ya san bambancin rubutun biro da bugun inji. Na yi tunanin shiga motar Katsina in wuce Kano in nemo marubuciyar in roƙe ta ta buga mini abin da na faɗa. Har nan hankalina ya kai, ku ji fa. Abinci ya daina wuce mini. Na yi sallah ina roƙon Allah ya mantar da mutanen gari, ko ya kawo wani abin kunyar a wani gida su koma can, sannan in yi istigfari don na roƙi haka.

Inna kuwa ta ci gaba da shiri kamar ba ta ji komai ba. Ta aro darduma, ta wanke tabarmi, ta sa an shafe zaure da farar ƙasa. Sai ranar Talata, tana jera kwanukan baƙi, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ke waccan, na ji abin da ake hwaɗi. In mutanen ga ba su zo ba, ki san inda za ki sa kanki, don ni na gaji da kare ki wurin ubanki." Zainabu tana bakin ƙofa tana kuka, ta ce na kashe nawa na kashe nata.

Ranar Laraba da la'asar, saura kwana biyu, na ji sallamarsa a zaure.

Na fito. Bai sa shadda ba, rigar aikinsa ce mai ƙaurin hayaƙi, idanunsa sun yi ja, ya rame a mako guda. Amma da ya gan ni sai ya yi murmushi. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Kin ga ban aiko ba kwana biyu, ki yi haƙuri," ya ce. "Rigima muka sha a gida. Na yi hwaɗa da Yaya Hajara, abin da ban taɓa yi ba. Na ce musu ke ba ki yin haka. Na ce kin rantse mini, kuma ni na san wadda na zaɓa. Duniya da hwaɗi take, ai ba ni kaɗai ba ne mai irin wanga ciwo, wani a Kano ya rubuta nashi, ke kuma kin karanta abin da kika gani. Mi ne laihinki?"

Na sunkuyar da kai.

"Na dahwa Alƙur'ani gaban Baba a kan haka. Shi ne ya ce in kawo littahin, a kai wa Mushe Tanko, malamin lakwal, shi karanta mishi wurin da kunnenshi. In yana ciki, jibi za su zo, kuma Yaya Hajara za ta zo har gida ta ba ki haƙuri." Ya miƙo hannu biyu. "Ki ba ni shi kawai, ki naɗe mini shahin."

Na koma ɗaki. Na ɗauko koren littafin daga ƙarƙashin katifa na tsaya da shi a tsakiyar ɗaki. Wata zuciyar ta ce ki ce ya ɓace. Wata ta ce ki ba shi, kin samu kwana ɗaya, wataƙila Mushe Tanko ya yi tafiya. Na fito har yanzu ban san wadda zan bi ba.

Ya karɓa da hannu biyu kamar abin daraja. Ya buɗe shi a kife, yana bin layukan da yatsa, shi da bai san ko baƙi ɗaya a ciki ba.

"Wane shahi ne?"

Na durƙushe a gabansa.

"Babu shi. Babu masunci a ciki. Wannan na biyu ne, an cuci Gwaggo. Ni na ƙaga, duka ni na ƙaga. Don Allah, don Annabi, ka yahe mini, ban san abin da ya hau kaina ba, wallahi ina..."

Kuka ya ci ƙarfina. Na jira ya yi faɗa, na jira ya zage ni. Ya rufe littafin a hankali, ya ajiye shi a kan tabarma, ya daidaita shi da gefenta. Da ya yi magana muryarsa ba ta fi raɗa ba.

"Sun yi dariya sosai?"

Na gyaɗa kai.

"Har wurin da nike kiran Yaya?"

Na sake gyaɗawa, hawaye na zuba a kan hannuwana.

"Ke hwa?"

Na so in ce a'a. Allah ya sani na so. Amma na riga na ƙarar da ƙaryata, ba sauran ko ɗaya a bakina.

"Na yi."

Ya ce, "To." Ya miƙe, ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Na rarrafa zuwa bakin zaure ina leƙensa. In gida zai koma, dama zai yi. In gidan Yaya Hajara ne, sai ya zagaya bayan layi. Ya tsaya a mararraba jim kaɗan, sannan ya yi hagu, ya miƙe hanyar tabki.

Ban san sanda na bi shi ba, ba takalmi, mayafina ya faɗi tun a ƙofar gida ban tsaya ɗauka ba. Ina gudu ƙaya na sukata, matan lambu na ɗagowa suna kallona. Da na iso gaɓa, samarin masunta na zaune a inuwa suna gyaran taru. Wani ya hango shi ya fara naɗe wando yana dariya, sai dariyar ta tsaya masa a wuya. Ɗanjuma ya wuce su bai kalli kowa ba. Ya kwance jirgin mahaifinsa daga turke, ya ɗauki gora, ya tura shi cikin ruwa. Iskar yamma ta fara tasowa, tabkin ya yi duhu daga tsakiya.

Tun da muke ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, kunya ba ta bari. Ranar na buɗe murya gaban maza sama da ashirin na kira shi, na sake kira har maƙogwarona ya tsage.

Bai waigo ba.